Farin Takalmin da Bai Jiƙe Ba

Ban cika sauraren rediyo ba yanzu, don yawancin masu magana a ciki na yi jika da su, kuma suna ba da labarin zamaninmu kamar da su aka yi. Amma kwanan baya ina tsinkar zogale a tsakar gida sai na ji wani yaro mai zaƙin murya yana gaya wa matasa littattafan da ya kamata su karanta in suna son sanin yadda ƙasar nan ta tashi. Na ce madalla, don ni da alli na tsufa a hannu, kuma ba abin da nake so kamar in ga yaro da littafi. Ana cikin haka sai ya ambaci littafin mutumin nan. Ya ce littafin gaskiya ne, na dattijon da ya ga komai da idonsa. Na ajiye faifan, na kashe rediyon. Ya ga komai da idonsa, wannan kam ba ƙarya ba ce, domin ina tsaye kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa. Ya mutu, an binne shi da girma, littafinsa yana nan a kantunan Yamai ana yabo. Matan da ya tura cikin kogi kuwa ba su samu ko layi ɗaya ba, kuma yayata tana cikinsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da tsufana, kuma ba zan ɓoye ba, da fushi na ɗauka.

A unguwar Gaweye ta Yamai na tashi, Gaweye ta da, wadda gidajen ƙasa suka gangara har bakin ruwa. Ba gada a lokacin. Mai son ƙetarewa sai ya jira bak, wato babban jirgin ƙarfe mai ɗaukar motoci, wanda yake nishi kamar tsohon raƙumi, ko kuwa ya shiga jirgin masunta. Da safe ƙarar masu wanki ce take tashe mu, suna maka tufafi a kan duwatsu, sai muryoyin matan Gamkalley masu tallar salati da tumatir da kopto, wato kwaɗon ganye, sai jakunan masu itace. Amma abin da ya fi zama mini a kunne shi ne daka. Da hantsi da la'asar unguwa gaba ɗaya takan ɗauki sautin turmi, gida yana amsa wa gida, har kana iya gane hannun kowace mace ba tare da ka leƙa ba. Iyayena daga Maraɗi suka zo. Baba tela ne, yana da rumfa a Kalley kusa da babbar kasuwa, mu kuwa a bakin kogi muka koyi Zabarmanci kafin mu san muna koyo. Yanzu in na bi ta wurin a mota ba na gane ko inda ƙofar gidanmu take. Manyan gine-gine ne da fitilu, motoci suna gudu a kan gada, ba mai ko kallon ruwan da ke ƙasa. Hatsi kuma inji ke niƙa shi, kuma inji ba ya amsa wa kowa.

Yaya ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da uwa take kwala wa ɗan farinta kira daga bakin titi. A wancan zamani kunya ce babba. "Ke wannan" Inna take ce mata, in kuma tana ba da labarinta ga maƙwabta sai ta ce "babbar". Mu ƙanne Yaya muke cewa. Ita ce ta fara shiga lakwal, wato makarantar boko, a danginmu, kuma ta kama karatu kamar mai jin yunwa. Tana aro littattafai daga wani ɗakin karatu a bariki, ta zo da su a naɗe cikin gyale. Bayan la'asar mukan zauna gindin darbejiyar gidanmu, ta karanta da Faransanci ta juya mana da Hausa, tana canja murya, in sarki ne ta kumbura kumatu, in ɓarawo ne ta noƙe wuya. Inna tana ɓarar gyaɗa tana yi kamar ba ta saurare, alhali ba kalmar da take wuce ta.

Inna ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma tana da ma'auninta na littafi, kuma har na bar aikin koyarwa ban samu wanda ya fi shi ba. Wata rana Yaya tana karanta labarin wani gari da annoba ta faɗa wa, sai Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ke wannan. Mutanen ga da ya ce sun mutu, su wa da wa?"

"Inna, bai faɗa ba. Cewa ya yi mutane da yawa."

"Mutane da yawa ba sunan kowa ba ne. Wanga marubuci bai taɓa wankan gawa ba. Ruhe shi, ki ɗauko wani."

Muka yi ta dariya, Yaya har da riƙe ciki. Amma daga ranar, duk littafin da aka kawo sai mun jira hukuncin Inna. Marubucin da in ya kashe mutum a labarinsa, ko bawa ne, ya faɗi sunansa da na uwarsa, Inna takan ce wannan ɗan halak ne, a karanta shi sau biyu.

A gidan nan namu wani saurayi ɗan garinmu ya sauka, da riga ɗaya a wuyansa. A zaurenmu ya kwana har ya samu aikin magatakarda, tuwon Inna ya ci har wuyansa ya yi kauri, kuma Inna yake ce mata kamar mu. Da aka samu 'yancin kai sai ya zama shugaban kwamitin jam'iyya na unguwa. Ya sayi farin takalmi, kullum da safe ya goge shi da farar ƙasa, yana tafiya yana kewaye taɓo kamar kyanwa. Matan unguwa suka sa masa Farin Takalmi, sunan kuma ya bi shi. Ku da kuka tashi kuna zagin gwamnati a gidan rediyo ku koma gida ku ci tuwo lafiya, ba za ku san nauyin mutum irin wannan ba. A lokacin kalma ɗaya ta isa. In ya ce wane ɗan adawa ne, kafin azahar motar jandarma ta tsaya a ƙofar gida, sai gidan kaso, wani kuma ba a sake jin ɗuriyarsa. Rumfar Baba wurin zaman mutanen gabas ce, 'yan wajenmu da ake zargi da adawa, ana ɗinki ana hira, kuma an riga an raɗa masa cewa ana sa masa ido. Saboda haka in Farin Takalmi ya yi sallama, Baba da ya ciyar da shi shi ne yake fara miƙewa.

Sai aka ce wani babban baƙo zai zo daga wata ƙasa, ta hanyar ƙetaren kogi, zai hayo a bak. Aka ba da umarni kowace unguwar bakin ruwa ta fitar da jirgi cike da mata cikin anko, su kewaye bak ɗin suna waƙa suna guɗa har ya iso gaɓa. Lokacin sanyi ne, lokacin da kogi yake cika ya batse. Ni murna kamar in tashi sama, don ina son waƙa kuma ban taɓa samun sabuwar atamfa tawa ta kaina ba. Yaya ba ta da niyyar shiga. Rakiya ta yi mini zuwa bakin ruwa, da littafi a hannunta, ta sa tsinken tsintsiya a shafin da ta tsaya.

Mai jirgin wani tsohon Sorko ne, masunci tun kakanni. Mata suna ta shiga yana kallon gefen jirgin, can sai ya gitta sandar tuƙinsa.

"Ya ɗauki iyakarsa," in ji shi. "Ko akuya aka ƙara, ba ruwana."

Farin Takalmi ya dubi jirgin unguwar da ke kusa da mu, ya ga kamar ya fi namu cika. Fuskarsa ta canja.

"Tsoho, so kake a ce Gaweye ba ta son baƙon gwamnati? Janye sandar nan, ko in sa a janye ka."

Ya shiga nuna mata da yatsa, ke shiga, ke ma shiga. Ni na riga na sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai idonsa ya faɗa kan Yaya.

"Ɗiyar tela, ke karatunki ya hi ƙarhin tarbar baƙo? Ko abin da ake hwaɗi a kan gidanku gaskiya ne?"

Kowa ya ji, kowa kuma ya san abin da yake nufi. Yaya ta waiwayo wajena. Ta kamo hannuna ta fizgo ni waje da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Gida guda, mutum guda ya isa," ta ce da ni. "Riƙe mini wannan, kada ya jiƙe."

Ta danƙa mini littafin ta shiga a wurina, ba ko anko a jikinta. Na tsaya ina kumbure-kumbure, ina jin haushinta don ta hana ni zuwa biki.

Sun kai tsakiyar ruwa lafiya, muna jin waƙarsu. Da bak ya matso, matan suka juya gefe guda don su yi wa baƙo guɗa, igiyar ruwan da bak ya turo ta haɗu da su, jirgin ya karkata ya sha ruwa, ya kife. Ba a daɗe ba. Abin da na gani shi ne atamfa iri ɗaya ta bazu a kan kogi, kawuna suna fitowa suna komawa. Masunta suka faɗa da ƙananan jiragensu, suka ciro wanda Allah ya yi wa sauran kwana. Makaɗan da ke bakin gaɓa ba su tsaya ba, don an ce musu kada su kuskura su tsaya, sai ihunmu ya shige cikin kiɗa ya zama kamar na murna. Maza suna ta faɗawa ruwa da rigunansu, har da guragu masu bara sun ja jiki zuwa gaɓa. Na waiga in ga Farin Takalmi. Igiyar ruwa ta taso ta lashi yashi kusa da ƙafarsa, sai na ga ya ja da baya, ya duba takalminsa. Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har fuskar mijina wani lokaci takan ɓace mini, amma wannan ja da bayan yana nan kamar yanzu aka yi.

Masu lambu ne suka tsinci Yaya washegari a wajen Gamkalley, ta maƙale a cikin ciyawar bakin ruwa. Kafin a kawo ta, Farin Takalmi ya riga ya bi gida gida da jandarma a bayansa. Baƙo yana gari, ba kuka, ba taron makoki, a yi jana'iza shiru, wanda ya ɗaga murya ya san sauran. Rediyo kuwa ta yini tana yabon kyawun tarbar da aka yi. Da ya shigo gidanmu ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Inna, sai haƙuri. Ruwa ne, ƙaddara ce."

Inna tana zaune a ƙasa. Ba ta dubi fuskarsa ba, ƙafarsa ta duba.

"Gidan mutuwa ka shigo," ta ce. "Tuɓe takalminka."

Bai tuɓe ba. Ya juya ya fita, Baba yana biye da shi yana ba shi haƙuri, abin da har Baba ya mutu bai yafe wa kansa ba.

Da aka dawo daga maƙabarta gidan ya yi tsit, mata sun cika ɗaki kowa ta toshe baki da gyale. Sai Inna ta miƙe. Ta mirgino turmi tsakar gida, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya. Wata gwaggonmu ta ce, "Haba, yau kuma daka?" Inna ta ce, "An hana kuka. Ba a hana daka ba." Ta fara. Ba a jima ba turmin maƙwabciyarmu Bazabarma, wadda ita ma ta rasa ɗiya, ya amsa ta bayan katanga. Sai na gaba, sai na gaba da shi, har Gaweye gaba ɗaya ta ɗauka, tun daga tudu har bakin ruwa. Ban taɓa jin daka irin wannan ba, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Jandarma suka zo suka yi cirko-cirko a lungu. Wa zai kama mace don tana daka hatsin gidanta?

A cikin dakan nan aka sa sunayen. Kowace saukar taɓarya da sunanta: Hadiza mai kopto, Gambi amarya, Bibata da goyonta, Zali mai ciki, Hamsatu ɗiyar Sorko, Fati ƙarama, haka har a zagayo. In an zo kan Yaya, Inna ba ta iya faɗa, ko mutuwa ba ta cire mata wannan kunyar ba. Sai ta cilla taɓaryar sama, ta tafa hannu sau ɗaya, ta cafe. Sauran mata suka ga haka, su ma suka riƙa barin gurbin don girmama ta. Haka waƙar ta zauna, da rami a tsakiyarta, kuma kowa a unguwa ya san wadda take cikin ramin. Kowace shekara in kogi ya cika sai an yi wannan dakan. Da Inna ta zo barin duniya ta kama hannuna ta ce, "Na yahe ma kowa, har wanda ban sani ba. Banda shi. Kada ki yahe mishi da bakina."

Shi kuwa duniya ta yi ta yi masa daɗi. In kiɗa ya canja sai ya canja rawa, kowace gwamnati ta zo da shi ake yi. Ya je Makka ya dawo Alhaji, ya gina babban gida nesa da ruwa. Mu aka tashe mu daga Gaweye, aka watsa mu unguwanni, matan dakan suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, inji ya karɓe aikin turmi. Wata shekara kogi ya cika na duba ban ga wadda zan yi dakan da ita ba. Ni kaɗai na rage da waƙar. A cikin wannan hali littafinsa ya fito, labarin rayuwarsa da na farkon 'yancin kai. Na nema na karanta, kuma zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi: mutumin ya iya rubutu. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya ba ranar nan shafi guda cur. Ya kwatanta hasken rana a kan ruwa, da launin atamfa, da guɗar mata, da murmushin baƙo, ya ce bai taɓa ganin ranar da ta kai ta kyau ba. Ko "mutane da yawa" ɗin da Inna ta raina bai rubuta ba.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Bayan na ajiye alli, wata rana a gidan suna wata mata ta durƙusa ta gaishe ni. Tsohuwar ɗalibata ce, yarinyar kirki, kuma na san ɗiyar Farin Takalmi ce tun tana aji, ban taɓa nuna mata bambanci ba. Ta ce idon babanta ya tafi gaba ɗaya, ba abin da yake so sai a karanta masa littafinsa, jikoki kuwa suna karatu kamar ana korarsu, yana ta faɗa.

"Madam, ke kika koya mana karatu. Da za ki taimaka ko bayan la'asar ne, da kin yi mana komai."

Ba ta san ni ɗiyar tela ce ba, da sunan mijina kowa ya san ni. Na ce mata zan zo. Na koma gida ban iya cin abinci ba don murna.

Na same shi a kan kujera a inuwar baranda, ya tsufa ya shanye, carbi a hannu, ƙafafunsa cikin farin takalmi mai taushi. Na fara daga shafin farko, na yi masa karatu irin na Yaya, da canja murya da komai. Ya ji daɗi ƙwarai, yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, haka aka yi." Ban yi gaggawa ba. Wadda ta jira tun tana budurwa ba za ta gaza jiran 'yan kwanaki ba. Ranar da muka iso shafin, ɗiyarsa tana can cikin gida. Na karanta hasken rana, na karanta atamfa, na karanta guɗa, yana murmushi. Da na kai ƙarshen shafin ban tsaya ba. Na rufe littafin a kan cinyata, na fara buga bangonsa da dunƙulen hannu, bugun taɓarya.

"Hadiza mai kopto. Gambi amarya. Bibata da goyonta."

Murmushin ya tafi. "Madam, wannan ba ya cikin littafin."

"Yana ciki, Alhaji. Idonka ne ba ya gani. Zali mai ciki. Hamsatu ɗiyar Sorko. Fati ƙarama."

Na bi su duka yadda Inna take bi. Da na zo gurbin, hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗaga shi na tafa sau ɗaya, na yi shiru. Carbin ya tsaya a hannunsa. Sai na ji ya faɗi sunan, a hankali, daidai inda ya kamata ya faɗo. Ya ƙara da cewa, "Ɗiyar tela. Da littahi a hannunta." Ya juyo da makafin idanunsa wajena. "Ke ce ƙaramar."

Na zo ne da zaton ya manta. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa babban mutum ne, harkoki sun yi masa yawa, matan Gaweye sun zube daga kansa, ni kuma aikina in tuna masa. Ashe ko ɗaya ba ta zube ba.

"Duk ka san su?" na tambaye shi.

"Ba wadda na mance. Ina jin dakan nan har gidana."

"To mi ya hana alƙalaminka?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ɗiyana za su karanta." Ya miƙo hannu yana lalube. "Ki yahe mini, don Allah. Na tsuhwa."

Da mantawa ya yi, wallahi da wataƙila zuciyata ta yi sanyi, don mantuwa ta ɗan Adam ce. Amma mutum ya zauna da sunayen nan a bakinsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta hasken rana? Na janye hannuna.

"Yafiyar ba a wurina take ba, Inna ta tafi da ita. Amma ga hanya mai sauƙi. Kira ɗiyarka yanzu, ka gaya mata abin da ka yi a bakin ruwa, da bakinka. In ka yi, ba ka ƙara jin muryata."

Kamar an aiko ta, sai ga ta da tiren shayi.

"Baba, yaya karatun?"

Na zuba masa ido. Leɓensa ya motsa.

"Lahiya lau," in ji shi. "Madam ta iya karatu."

"To gobe ma ta zo?"

"Ta zo."

Na kuwa zo. Na zo gobe, na zo jibi, na yi ta zuwa. Ba zai iya korata ba sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ya fi tsoro a duniya. Ban sake buɗe wani shafi ba. Kullum in karanta masa kyakkyawar ranarsa, in buga bangon littafi, in jero sunaye, in tafa, kuma kullum sai ya cike gurbin, kamar bakinsa ba ya iya barinsa a buɗe. Wani lokaci hawaye yana bin kumatunsa. Kullum kafin in tashi sai na ce, "A kira ta?" Kullum sai ya girgiza kai. Masu wa'azi za su ce ban kyauta ba, makaho ne, tsoho ne. Sun iya faɗa, ba yayarsu aka ciro daga ciyawa ba. Hausawa sun ce rama cuta ga macuci ibada ne, ban sani ba ko malamai sun yarda, amma ni na ji daɗin kowace la'asar, kuma ban taɓa yin barci mai daɗi kamar na wannan lokacin ba.

Ya mutu bai kira ta ba. Ranar jana'iza ina cikin gida tare da mata, muka jiyo liman daga waje yana roƙon duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Mata suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Na kama bakina na rufe. Ɗiyarsa ta riƙe hannuna tana kuka tana godiya, wai na faranta wa babanta a ƙarshen kwanansa. Na yi niyyar in bar ta da uban da ta sani, don ita ba ta tura kowa cikin jirgi ba. Na riƙe wannan niyyar har ranar da yaron nan ya kira littafin littafin gaskiya a rediyo. In wannan rubutu ya kai hannunki, ɗiyata, ki yi haƙuri. Na ba shi dama kullum ya gaya miki da kansa, ya zaɓi takalminsa.

Littafin da Yaya ta ba ni riƙo yana nan a akwatina, ban mayar wa masu shi ba, tsinken tsintsiyar yana inda ta bar shi. Bai jiƙe ba. Ku matasa, ku karanta littattafai, ku karanta da yawa, har da nasa ku karanta, don ku ga yadda ake binne mutane da kyakkyawan rubutu. Amma duk littafin da ya ba ku labarin ranar taro, ku tsaya ku yi masa tambayar Inna: su wa da wa? Na Gaweye ga su. Hadiza mai kopto. Gambi amarya. Bibata da goyonta. Zali mai ciki. Hamsatu ɗiyar Sorko. Fati ƙarama. Sai wadda ta shiga a wurina. Inna kunya ta hana ta faɗa, shi ya sani ya ƙi rubutawa, ni kuwa yau ba zan tafa hannu ba. Sunanta Mariyama.